Ranar da Na Ƙona Kyautar Mai Silin

Bari in amsa laifina da bakina tun kafin wata ta riga ni a wurin sharhi. E, ni ce na yanki kyautar bawan Allah, na cusa a jaka, na kai wurin aiki na cinna mata wuta. Da gangan na yi, kuma har da murmushina. Ku dai gyara zama ku ji yadda aka yi, in ya so sai ku yanke mini hukunci.

Ni ce auta a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, kuma a wurin Gwaggo, yayar Baba, wannan ba shekaru ba ne, abin kai ƙara ne. Ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin fenti. In kuka tambayi Gwaggo aikin da nake yi, cewa za ta yi, "Ƙone-ƙone take yi, wai kuma har albashi ake ba ta." Ba ta yi ƙarya ba.

Abin da ba ta tsaya ta ji ba shi ne dalili. Roba da soso da fenti, in an bi asalinsu, mafi yawansu dangin fetur ne, shi ya sa wuta ke son su. To akwai garin da ake zuba musu tun wurin haɗi don a rage musu saurin kamawa. Wani fari ne fat kamar hoda, da ya ji zafi sai ya saki ruwan da ke ɓoye a jikinsa ya sanyaya wurin. Wani kuma da wuta ta lashe shi sai ya kumbura kamar burodi, ya zama baƙin ɓawo mai kauri, ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa. Ni nake auna garin, in kwaɓa, in shafa, in jira ya bushe, sannan in kunna masa wuta ina riƙe da agogo. Aikin kenan. Ina son sa kamar me.

Gwaggo ce ta kawo Mai Silin. Shi ya yi wa shagon ɗanta silin, ta gan shi, ta ji ba shi da mata, shikenan ta ɗora shi a kaina. Ranar da ya fara zuwa, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo da kusan minti biyu. Dogo ne, ga takalmi baƙi yana sheƙi kamar madubi, ga agogo mai nauyi. Na shigo da tire, na sa doguwar rigata mai ruwan toka da ƙaramin mayafi, na gaishe shi.

Jama'a, mutumin nan bai dube ni ba. Sama yake kallo.

"Wannan silin ɗin ruwa ya taɓa shi," ya ce.

"Sannu da zuwa," na sake cewa.

"Yauwa, sannu, sannu. Kin ga can kusurwar? Har ya fara lanƙwasa."

A raina na ce, to madalla, silin ka zo nema, Allah ya ba ku zaman lafiya.

Tun daga ranar, kullum ƙarfe bakwai na safe saƙonsa zai shigo: "Barka da safiya, Injiniya. Yau me za a ƙona?" Ni kuma in tura masa hoton babban yatsa. Da rana: "An ci abinci?" Babban yatsa. Sati uku muna haka, yatsan nan bai gaji ba, shi ma bai gaji ba.

Sai ga shi wata Asabar da mota cike da kaya da ma'aikata huɗu. Wai kyauta ce ga Umma. Kafin la'asar sun sauke tsohon silin ɗin falonmu sun ɗora sabo, na roba da aka kwaɓa da dusar katako, mai ruwan zuma, yana ɗaukar ido. Gaskiya ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Umma ta tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙirji, tana ta sa albarka har muryarta ta dishe.

Shi kuma ya ƙwanƙwasa wani falle da ya rage, ya ce, "Umma, wannan ruwa ba ya taɓa shi, gara ba ta cin sa, kuma ba ya cin wuta."

Kunnena ya miƙe.

"Wa ya ce?" na tambaya.

Gwaggo ta harare ni. Shi kuwa daɗi ya ji, don ranar ce na fara yi masa tambaya.

"Takarda gare ni, Injiniya. Da hatimi da komai. Masu kayan ne suka haɗo mini da ita."

"Babu abin da ba ya cin wuta, Malam. Sai dai wanda zai ba mutum lokacin fita."

"To nawa yana ba da lokacin fita har da na komawa ɗauko waya," ya ce, yana dariya.

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Amma tawa dariyar da abin da ta ƙunsa.

Ma'aikatansa sun share wurin tas, ko ɓarɓashi ba su bari ba. Falle ɗaya tak ya rage, Umma ta naɗe shi da tsohon zanen gado ta ɗora a kan wadirof ɗinta, wai ko za a buƙata. Umma kuwa ta koma zaman falo gaba ɗaya. Ta kwanta a doguwar kujera tana kallon sama kamar mai kallon talabijin. Maƙwabta suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ana nuna musu. Gwaggo kuma ta tare a gidanmu, bakinta ba ya hutawa.

"Ke dai ki ci gaba da yanga. Mutumin da ya rufa wa uwarki sama, me kuma kike nema?"

Ranar Alhamis da safe, Umma na wanka, na taka kujerar madubi na sauko da fallen. Da wuƙar burodi na yanke shi. Kar ku tambaye ni yadda wuƙar ta ƙare, har yau Umma na zargin mai wanke-wanke. Na yanko ya kai tsawon tafin hannu biyu, na mayar da sauran na naɗe yadda yake, na juya yankakken gefen ya kalli bango.

Shugabarmu a ɗakin gwaji, wadda muke kira Oga, mace ce mai gilashi a ƙarshen hanci, ba ta cika magana ba. Ta ga ina yanka abin sala-sala.

"Wannan ba namu ba ne."

"Na wani ne, Oga."

"Wani wa?"

"Mai son aurena."

Ta ɗago gilashin ta dube ni da kyau, sannan ta ce, "Kunna fankar zuƙe hayaƙi."

Gwajin ba shi da wuya. Ana rataye salar a tsaye, a shimfiɗa auduga a ƙasa, a kara mata harshen wuta daƙiƙa goma, a janye. Abu in an zuba masa garin kirki, da an janye zai mutu da kansa cikin 'yan daƙiƙu. Na kara, na ƙirga goma, na janye.

Wutar ba ta ma san na janye ba. Ta haye sama da gudu, robar ta fara narkewa tana ɗiga, kowane ɗigo da wutarsa. Na biyu ne ya faɗa kan audugar, ta kama fuu. Salar ta cinye ƙurmus har ƙarfen da ya riƙe ta. Na gwada ta biyu, na gwada ta uku. Duk kanwar ja ce. Oga ta kwashi tokar ta ɗiga mata asid, sai ga kumfa tana tashi.

"Alli ne," ta ce. "Garin alli suka zuba. Fari ne kamar na gaske, amma ba abin da yake tsarewa."

In gaya muku gaskiya? Daɗi na fara ji. Har rawa na taka a gaban injin, na ce yau na samu abin da zan rufe bakin Gwaggo. Sai da na cire safar hannu zan wanke hannuna, sannan abin ya dawo mini. Wannan abin da ya ɗiga wuta a kan auduga, shi ne a saman doguwar kujerar Umma. Kuma daga ɗakinta babu hanyar fita waje sai ta falon.

A nan ne ya kamata in ɗauki waya in kira shi, in gaya masa tsakanina da shi. Na sani. Oga ma haka ta ce. Amma shaiɗanin da ke kaina ya ce, jibi Asabar zai zo, Gwaggo na nan, a yi ta a gaban kowa. Abin da na yi kawai, da na koma gida na kashe layin wutar falo daga akwatin mita, na ce ya lalace. Kwana biyu Umma na fifita da kwali tana tsine wa masu lantarki.

Ranar Asabar na yi kwalliyar da ban taɓa yi masa ba. Doguwar riga ruwan kwai mai ɗinkin zare a wuya, mayafi fari, 'yan kunnen yayata da na ara ban mayar ba, har da jan baki. Gwaggo ta gan ni ta dafe ƙirji.

"Alhamdu lillahi! Yarinya ta yi hankali."

Ya iso bayan la'asar, ya cire takalmin nan mai sheƙi a ƙofar falo. Aka gaisa, aka sha lemo. Baba na gefe da jaridarsa. Sai na ce, cikin muryar da ni kaina ban san ina da ita ba, "Malam, kullum kana tambayata me za a ƙona. Yau na ce bari in nuna maka."

"Kai, madalla!" ya ce, har yana tafa hannu.

Na fito da su tsakar gida. Dama na tanadi bokitin ruwa, da filaya, da laita, da audugar da na zaro daga akwatin maganin Umma. Na miƙa wa Gwaggo wayata na ce ta riƙe mana agogo. Ta karɓa tana washe baki, ita a dole an sa ta a harkar boko.

Na fara da wata sala daga wurin aikinmu, wadda aka zuba wa garin gaske. Na kara laita, na janye. Ta yi ɗan baƙi, ta mutu.

"Uku!" in ji Gwaggo. "Daƙiƙa uku!"

Sannan na zaro ta biyu, mai ruwan zuma. Umma ta ƙura mata ido.

"Auta, wannan ba..."

Na kara laita.

Ba sai na sake ba ku labari ba. Wuta ta haye, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ɗigo ya faɗa kan auduga ta kama. Gwaggo na ƙirgawa da ƙarfi, "Ashirin... talatin..." har lissafin ya ɓace mata. Na jefa ragowar a bokiti, ta yi cuu.

Na juyo ina jiran abin da na shirya wa. Na ɗauka zai ce ba kayansa ba ne, ko ya ce na shafa mai, ko ya zaro takardar nan mai hatimi. Amsoshi uku na tanada, kowace da kaifinta.

Bai ce ko ɗaya ba. Ya tsuguna ya tsamo guntun daga bokiti, ya juya bayansa ya duba lambar da ke jiki.

"Sau nawa kika gwada?" ya tambaya a hankali.

"Uku. Wannan na huɗu."

Ya zaro waya. Ya kira wata a gidansu.

"Ki fito da Hajiya daga ɗaki yanzu. Yanzu na ce! Ki zare butar lantarkin nan daga soket. A'a, kar ki kai ta falo, falon ma shi ne. Baranda za ki kai ta. Ga ni nan."

Ya dubi Baba, idonsa ya kaɗa.

"Baba, mahaifiyata shekara huɗu ba ta tafiya, ɓarin jikinta ya shanye. Da kayan nan suka iso, ɗakinta na fara yi wa, bango da sama. Na ce ita ce ba za ta iya gudu ba, ita ta fi cancanta."

Ya juya ya fita da gudu. Sai da ƙarar motarsa ta ɓace muka lura takalminsa na nan a ƙofar falo. Silifas ɗin banɗakin Baba ya zura ya tafi da su.

Ni kuwa ina tsaye da filaya a hannu, da jan bakina da 'yan kunnen aro, na rasa inda zan sa kaina. Kwana biyu na riƙe maganar nan don in ci dariya. Kwana biyu tsohuwar nan na kwance a cikin akwatin roba, da butar lantarki a gefenta.

Gwaggo ce ta fara farfaɗowa.

"Ni dama tun farko jikina bai ba ni ba," ta ce. "Mutum sai ƙamshi kamar shagon turare? Ashe ƙona mu ya zo yi!"

Baba ya leƙo ta saman jarida ya dube ta, ya mayar da kansa.

Washegari da sassafe ya dawo da ma'aikatansa. Babu agogo, babu turare, tsohuwar riga ce a jikinsa. Shi da kansa ya hau tsani yana ɓalle fallayen. Ya gaida Umma sau uku, ta amsa ɗaya, shi ma da hanci. Gwaggo ta sa tsintsiya ta turo masa takalminsa har bakin ƙofa. Da zai tafi ya ce zai kawo wani silin ɗin in an gwada shi. Umma ta ce a bar mata kwanonta haka, ta gode.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai na duba waya. Babu saƙo. Bakwai da rabi, babu. Ni da nake tura yatsa, sai ga ni ina kashe waya ina kunnawa ko layi ne. Ƙarfe tara mai gadi ya kira ɗakin gwaji, wai ina da baƙo.

Yana tsaye a bakin ƙofar kamfani da kwali a hannu. Samfuri goma sha ɗaya, kowane irin silin da yake sayarwa, ya rubuta lamba a jikin kowanne.

"Ta hanyar ofis nake so a yi," ya ce. "A ba ni takarda ta gaskiya, ko me ta ce."

Oga ta karɓi aikin. Kwana huɗu muna ƙonawa. Bakwai suka tsallake, huɗu suka faɗi, kuma duk huɗun daga hannun dillali ɗaya suka fito. Mutumin nan ya ɗauko littafin da yake rubuta wuraren da ya yi wa aiki, ya zauna a benci a bakin ƙofarmu yana kira ɗaya bayan ɗaya. Makarantar renon yara, shagon ɗinki, wani ƙaramin asibiti, gidaje tara. Ina jin wasu ta cikin wayar suna zazzaga masa zagi. Shi dai sai ya ce, "Kuna da gaskiya. Gobe zan zo in cire."

Ranar Alhamis na fito masa da sakamakon. Ya rame, gemu ya tsiro masa ba tsari. Na miƙa masa takardar da ruwan sanyi.

"Yaya jikin Hajiya?"

"Da sauƙi. Tana ɗakina, ni ina falo." Ya kurɓi ruwan. "Injiniya, in tambaye ki? Me ya sa ba ki kira ni a waya ba tun ranar da kika gani?"

Na so in yi ƙarya. Ƙarya uku suka zo bakina a tare, suka cushe a ƙofa.

"So nake in kore ka," na ce. "A gaban Gwaggo."

Ya dube ni. A karon farko tun da na san shi, ni ya duba, ba sama ba. Sai ya fashe da dariya har ruwan ya sarƙe shi.

"Ai da kin faɗa da baki, da na tafi. Ba sai an ƙona audugar Umma ba."

"Ka yi haƙuri. Kwana biyun nan da na yi shiru suna damuna."

"Ni wata biyar na yi ina kwantar da ita a ciki, ina alfahari." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. "To yanzu fa? Har yanzu korar ce?"

Na gyara farar rigar aikina, na duba agogon da ba na buƙatar dubawa.

"Ban gama gwaji ba," na ce, na shige ciki da sauri.

Oga na tsaye a taga. Ta dube ni, ta tura gilashinta sama.

To ga inda abin ya juye mini. A gida yanzu an haramta sunansa. Falo ya koma kwano tsirara, da rana zafi kamar tanda, kuma duk gumin da ya tsattsafo wa Umma, shi take tuhuma. Gwaggo da ta kawo shi ita ce shugabar masu adawa, har ta fara zancen wani mai kantin magani. Ni da na haɗa wutar, ni ce nake ɓoyewa a kicin ina karanta saƙo ina murmushi. Kuma na daina tura yatsa. Jiya sai da na rubuta layi shida, na goge, na sake rubuta takwas.

Sau ɗaya na gwada kare shi. Na ce, "Umma, shi ma fa cutarsa aka yi."

"Ke kika tona shi, ke kuma za ki wanke shi? Wai ke wace iri ce?"

Baba daga bayan jarida ya ce, "Ni dai na ga wanda ya hau tsani da kansa." Gwaggo ta ce masa ya yi karatunsa.

Yau Lahadi da hantsi na ce ko me za a yi sai na faɗa. Ina sanye da tsohuwar rigar shara mai hujin ƙuna biyu a hannu, kaina ko ɗankwalin kirki babu. Umma na doguwar kujera tana fifita, Gwaggo na yanke farce. Na durƙusa a gefen Umma.

"Umma, akwai maganar da nake so in yi."

"In dai ta mai silin ce, tashi."

"Umma, ni fa..."

Sai hon a ƙofar gida. Na san hon ɗin. Gwaggo ma ta sani, don tuni ta miƙe tana ɗaura mayafi a ƙugu.

"Yau zai ji abin da bai taɓa ji ba!"

Ta fita fuu, muka bi bayanta. A bakin ƙofa ta ci birki har na yi karo da bayanta.

Ya buɗe bayan mota ya sauke keken marasa lafiya. Sannan ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuya, ya ɗauko wata 'yar tsohuwa fara sol cikin farin mayafi, kamar yana ɗauke da tiren ƙwai, ya zaunar da ita. Matar da ya ce mini ko asibiti sai dai likita ya zo mata gida.

Ya turo ta har gabanmu. Ta dubi Umma, ta dubi Gwaggo, ta dube ni da rigar sharata. Bakinta ya ɗan karkace, maganarta na fita a hankali, amma babu wanda bai ji ba.

"Wace ce mai laitar?"

Gwaggo, Allah ya saka mata, ta matsa gefe ta nuna ni da abin yanke farce.

"Matso nan, 'yata."

Na matsa, na durƙusa. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama wuyan hannuna, riƙo mai ƙarfi kamar ba na mara lafiya ba. Ba ta sake ni ba. Ta ɗaga kai ta dubi Umma.

"Ki ba ni wuri a falonki, ko da rana ce a ciki," ta ce. "Ba maganar silin ce ta fito da ni ba."